Taku Goma Sha Biyu

"Ba a maƙabarta Inna take ba," in ji yayarsa. Ta kama hannunsa, ta nufi filin ƙwallon ƙauyen da shi.

Shekara biyu yaƙi ya tsare shi a ƙasashen waje, yana ci wa kulob ɗinsa da Sudan ƙwallo, Inna tana bin sa a rediyo har ta rasu. Sai yau ya sauka daga motar Managil, riƙe da riga mai lamba tara da ya yi mata alkawari.

Filin da ya koyi bugu ba takalmi ya cika da kaburbura, a jere kamar kunyoyin auduga.

"Masu bindiga sun tare hanyar maƙabarta, ƙanena. Nan muka binne kowa, ba alama. Inna kuwa na zaɓa mata inda ba za ka ɓata ba. Daga tsakiyar raga, ka ƙirga taku..."

Bai ƙirga ba, ƙafafunsa suka kai shi. Wurin bugun fanareti ne.

Ya sunkuya, ya ajiye rigar da hannu biyu kamar yadda yake ajiye ƙwallo. Wannan karon bai ja da baya ba.