Ɗakin da Tomie Ta Ji Kunyar Nema

Tomie Nagasawa ta haura shekara saba'in, tana zaune ita kaɗai a wani tsohon gidan haya na katako a gefen birnin Osaka. Da ɗan fanshonta take ci, da ɗinkin rage tsawon wando da take yi wa maƙwabta. A farkon kaka mai gidan ya sanar da 'yan haya cewa ya sayar da filin, za a rushe ginin kafin sabuwar shekara.

Ta shiga zagayen dillalan gidaje. Kowanne zai zuba mata shayi, ya rusuna, sannan ya yi tambaya ɗaya: "Wa zai tsaya miki?" Masu gidaje ba sa son tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata. Tsoronsu kada ta mutu a ɗaki ba wanda ya sani, ɗakin ya ƙi samun ɗan haya. Mijin Tomie ya rasu, ba su haihu ba. Tana da ƙane can nesa a tsibirin Kyushu, amma tun jana'izar mahaifiyarsu katin gaisuwar sabuwar shekara kaɗai ke haɗa su.

Kinuyo, ƙawarta mai tsaron ƙofa a gidan wankan unguwa, ita ta fara lura.

"Ke Tomie, wannan fuska kamar kabejin da ya kwana a gishiri fa?"

Da ta ji labarin sai ta ce, "Yo ki tafi ofishin ƙaramar hukuma mana. Akwai sashen da ba su da aiki sai irin wannan."

"In je in ce me? Ni ban taɓa ɗora wa kowa nauyina ba. Kuma an ce sai sun rubuta wa dangin mutum. Ƙanena ya ji yayarsa na bara a wurin hukuma? Gara in kwana a titi."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Don Kinuyo ta ƙyale ta, Tomie ta ce mata ta sami ɗaki wurin dangin mijinta. Ƙarya ce. Ranar tashi ba ta da inda za ta kai kaya, motar shara ta kwashe komai, har da keken ɗinkin. Ta fita da jaka ɗaya. Ta riƙa wuni a ɗakin karatu na gari, tana kwana a zaune a gidajen abincin da ba sa rufewa. Kullum tufafinta tsaf, saboda haka ba wanda ya tambaye ta komai.

Ana tsakiyar sanyi ta yanke jiki ta faɗi a tashar jirgin ƙasa. Likita ya ce sanyi ya ci huhunta. Da asibiti suka matsa mata ta ba da lambar wani nata, ta ba da ta gidan wanka.

Kinuyo ta iso da lemo a leda. "Sannu, sarauniyar kunya. Ashe dangin mijin naki a tasha suke? Ranar da aka sallame ki, ƙafata ƙafarki sai ofishin nan."

Haka aka yi. Tomie ta sa baƙar rigarta ta zuwa jana'iza, don ita ce mai kyan da ta rage. A hanya ta nace sai da ta sayi kwalin alewa aka naɗe mata, irin wanda ake kaiwa idan za a ba da haƙuri. A gaban teburin wata ma'aikaciya mai suna Horiuchi ta rusuna har goshinta ya kusa taɓa katako, ta tura kwalin.

"Ku gafarce ni da wahalar da zan ba ku."

"Iya, ba ma karɓar kyauta," in ji Horiuchi. "Kuma ba wahala ba ce, don wannan ake biyana."

"Ba ta karɓa? Miƙo nan, ni ina karɓa," in ji Kinuyo.

Tomie ta yi ƙasa da murya. "Za ku rubuta wa ƙanena?"

"Ki gaya mini yadda kuke da shi. Inda zumunci ya daɗe da yankewa, ba dole ba ne mu neme shi."

"Mai tsaya mini fa?"

"A gidajenmu ba ma neman mai tsayawa. Da kin zo tun ranar da aka ce ku tashi, da mun taimaka kin ƙaura da kayanki."

Tomie ta karɓi takardar neman ɗaki ta fara cikewa.

A ranar aka ba ta masauki na wucin gadi. Kafin bazara ta karɓi makullin ɗaki a gidajen ƙaramar hukuma, a hawan ƙasa, da taga mai kallon rana. Huhunta bai koma kamar da ba, keken ɗinki kuma ya tafi ke nan. Amma ita da kanta ta rubuta sunanta ta liƙa a ƙofa.

Kinuyo ta zo ganin ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe. "To, wa ya mutu don kin tambaya?"

"Cire takalmi ki shigo a hankali," in ji Tomie. "Ɗakina ne."

Mai karatu, idan muhallinka na neman kuɓuce maka, je ka ƙaramar hukumarku tun kana da rufi a kanka, ka ji gaskiyar ƙa'ida daga bakinsu, ba daga "an ce" ba. Neman haƙƙinka ba bara ba ne, kunya kuma ba ta taɓa ba kowa wurin kwana ba.