Na Ukun Littafin Badi'a

Ranar da Ikilima ta fara ganin Zailani, faɗa take yi da Malam Datti mai hayar littattafai a kasuwar Gwarzo. Ta dawo masa da na biyun littafin Badi'a, ta tambayi na uku, ya ce ta yi haƙuri tukuna. Zailani yana gefe yana ɗaure buhunan dawa a akori-kurarsa. Ya ce shi kullum yana Kano, in ta yarda zai duba mata.

Lokacin takarda ta yi tsada, ga masu tace littattafai suna bi shago-shago. Ikilima kuwa ba ta da abin da ya fi mata littafi. Aji biyu ta yi a firamare, sauran karatun a kwalin ashana da tsofaffin littattafan yayanta ta koya, tana bin baƙi da yatsa.

Da Zailani ya zo zance ƙauyensu Durun, ba littafi a hannunsa. Ya ce littafin ba ya ɗaukuwa a hanya yanzu, amma ya san abin da ke ciki. Sai dai ta fara tuna masa na ɗaya da na biyu, kada ya haɗa da wani. Ta zayyane masa tas. Ya kalli ƙasa, sannan ya ɗora daga inda ta tsaya.

Haka suka saba. Duk littafin da ya tsaya mata a na biyu, shi ke kawo ƙarshensa a baki, kaɗan-kaɗan, a kan tabarmar zauren gidansu.

Ikilima tana da ra'ayi, kuma ba ta ɓoye shi. Takan ce wa ƙawarta Bilki sababbin littattafan nan duk gidan bene ne da mota mai sanyi, saurayi ya yi shafi biyar yana yabon ido. Marubutan ba sa nutsuwa sai a na uku. A nan ne Muhsin na wani littafin, wanda ya yi ta rabon zobe a na ɗaya, ya cire rigarsa ya kare tukunyar masoyiyarsa daga ruwan sama don kada tuwon ya lalace. A nan ne Badi'a ta gane mijinta cikin taron masussuka daga yadda yake tari. Wannan wurin kam Ikilima ta yi kuka.

Da kaka ta yi, mahaifinta ya aiko a tambaye ta ko ta amince Zailani ya turo magabatansa. Bilki ta zo jin amsa, suka tsaya a soro suna magana.

Ikilima ta ce mutumin kirki ne, amma ba shi da maganar kansa. In ka cire labarin littafi, ba abin da ya iya sai gaisuwa da farashin dawa. Tun da yake zuwa bai taɓa ce mata ko yana sonta ba.

"Rediyo ne fa, Bilki. Abin da wasu suka rubuta yake maimaitawa."

Bilki ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya mata a wuya. Takalman Zailani ta hango a bakin zaure. Kafin Ikilima ta gyara mayafi, sun ji tashin mota.

Bai sake zuwa ba. Ya bar Badi'a tsaye a bakin rafi da jaririnta, ruwa ya cika, ba a san ko za ta haye ba.

Ikilima ta daina cin abincin kirki. Ko ƙarar mota ta ji a hanyar Kabo sai ta shige ɗaki, kunya ta rufe ta kamar an kama ta da sata. Ta so ta aika a ba shi haƙuri, amma ta rasa bakin da za ta fara. Sai ta ce wa kanta ai ba shi take kewa ba, labarin ne. In ta sami littafin, shi ke nan.

Ranar kasuwa ta saka hijabi ta tafi wurin Malam Datti. Bayan doguwar gaisuwa ta ture sababbin da ya miƙo mata. Ta ce ta karanta biyu cikinsu, ba gishiri ba magi. Na ukun Badi'a take so, da na Muhsin, ko a ɓoye yake ajiye su. Har ta ba shi labarin tukunyar tuwon, don ya gane wanda take nufi.

Malam Datti ya cire tabarau ya dube ta. Ya tambayi wanda ya ba ta wannan labari. Ta faɗa masa. Amsar da ya mayar mata ba ta da tsawo.

Ta daɗe a tsugune, ba ta iya ɗaga kai ba. Da ta miƙe, ba hanyar gida ta bi ba.

Ta sami Zailani a tasha yana duba taya. Direbobi suka juyo suna kallon budurwar da ta ratso tsakiyar maza. Ba ta juya ba. Zailani ya miƙe yana goge hannu a tsumma, ya gaishe ta kamar baƙuwa. Ya ce in saboda Badi'a ta zo, ta haye rafin lafiya, kada ta damu.

Ikilima ta ja bakin hijabinta ta rufe rabin fuska. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, amma na kusa sun ji.

"Ka turo, Zailani. Na yi maka alkawari, har in mutu ba zan ƙara cewa ba ka da maganar kanka ba. Malam Datti ya ce duk littattafan nan a na biyu suka tsaya, ba a taɓa buga na ukun ko ɗaya ba."