Rubutun Jikin Ceɗiya

Tun da rubutun ya fito a jikin ceɗiyar gidansa, Tanimu bai ƙetare ƙofar zaure ba. Wani farin ɓawo ne manne da itacen, mai siraran baƙaƙen zane kamar ajami. Ba ya tsiro sai inda iska take da tsabta, shi ya sa doka ta ce unguwar da ke da shi za a riƙa kawo mata tankar ruwa, muddin mai gidan na zaune yana tsaronsa. Shi ɓawon, inuwa yake so da yayyafi. Hayaƙi kuwa kashe shi yake yi. Maƙwabta har sun daina tambayar Tanimu kwanan iyali, sai dai su leƙo su ce, "Ya rubutu?"

Da hantsi ƙanwarsa Asabe ta shigo, ta yaye mayafi, sai ga kasko da garwashi.

"Yaya, jikin Inna ya yi tsanani a ƙauye. Sunanka kawai take kira."

"Kin san ba na fita."

"Idan abin nan ya mutu, wa zai tsare ka? Ɗan turare kawai za ka zuba."

Tanimu ya karɓi kaskon. Ta bayan katanga yana jin matan unguwa suna jera jarkoki, wata tana rarrashin jaririnta. Ya daɗe tsaye, zafin kaskon na cin tafinsa.

Sai ya ɗauki butar yayyafi ya tuttula a kan garwashin. Ragowar ruwan ya fesa wa ceɗiyar.

"Ki ce mata ina nan tafe," ya ce, bai ɗago ba.