Ramin da Siddiƙu Ya Rufe da Kara

Duk Wurno ba wanda ya riga Siddiƙu karɓar rigar ƙungiyar sa kai ta gyaran gari. In ana ɗaukar hoto yana sahun gaba, shebur a kafaɗa, amma rigar nan ba ta taɓa jiƙewa da gumi ba.

Aikin da ƙungiyar ta sa a gaba shi ne gyara hanyar ƙafa da ta fito daga bayan kasuwa ta gangara fadama, wadda manoman rani ke bi. Za a kwashe shara, a cike ramuka, a dasa dogon yaro gefe da gefe. Aka raba hanyar kamar gayya, kowa da yankinsa. Siddiƙu ya samu bakin magudanar ruwa, inda wani tsohon rami yake.

Shugaban ƙungiyar ya ja masa kunne cewa ramin sai an zuba duwatsu an daɓe. Siddiƙu ya ce an gama. Da ya ga duwatsun suna da nisa, ga rana, ga baƙi za su zo duba aiki, sai ya shimfiɗa karan dawa a bakin ramin, ya watsa jar ƙasa, ya share da tsintsiya. Wurin ya yi sumul. Baƙi suka yaba, shi kuwa baki har kunne.

Da aka sako ruwan noman rani, ƙasa ta jiƙe, kara ya ruɓe. Wata safiya Baba Sale, dattijon da ke dakon albasa daga fadama, ya biyo hanyar da jakinsa. Ƙafar jakin ta burma ta karye, buhuna suka danne tsohon, ƙugunsa ya goce. Jakin bai sake tashi ba. Mai ɗori ya ce tsohon ma da wuya ya koma dako.

'Yan ƙungiya suka tafi dubiya. Siddiƙu ya raɓe a bakin ƙofa, domin kowa ya ga karan, kowa kuma ya san yankin wane ne. Kunya ta hana shi ɗaga kai. Baba Sale ya kira shi kusa, bai zage shi ba.

"Ɗana, mi ramin ga yai maka? Shekara da shekaru jakina ya san shi, kullum kauce mai yakai. Sai da kaz zo kal lulluɓe shi."

Siddiƙu ya ja da baya. Ya tuɓe rigar ƙungiyar ya ƙudundune ta a hammata, ya fita ba sallama.

Jama'a, ba a tilasta wa kowa aikin sa kai, amma in ka ɗauka ya zama amana. Aikin ganin ido ya fi rashin aiki cutarwa, domin ramin da ake gani ana iya kauce masa.