Rabin Burodin Mai Lambu

Tunda ka ce wayar da kake yi wa gida duk Juma'a ta wadatar, Sagiru, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai lambu a bakin fadama, yana da 'ya ɗaya da ke taya shi ban ruwa. In rana ta take, sai ya wanke hannu a bakin rijiya, ya tsaga burodi da babban yatsa, ya tsinko latas yana ɗigar ruwa, ya yanka tumatir da albasa da kokwamba a tafin hannunsa, ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da ɗan gishiri, ya ɗiga man gyaɗa, ya matse lemon tsami. Babu nama, babu hura wuta, kafin jaki ya gama shan ruwa an gama. Sai ya raba biyu, ya miƙa mata babban rabin. Yarinya ta girma, ta yi karatun jinya, aiki ya kai ta wani gari can bakin teku, ta shekara shida ba ta leƙo gida ba. Hutun da take samu da rana bai wuce na sallar azahar da ɗan abin da za a sa a baki ba, ga shi soye-soyen bakin titi sun fara ɓata mata ciki. Sai ta tuna da burodin mahaifinta. Ta haɗa, bai yi ba: latas ɗin ya yi yaushi, ƙulin kuma ya sha sukari. Ta sa direban motar tumatir ya riƙa taho mata da ƙuli daga arewa. Ta shuka latas a tsohon bokiti a bayan ɗakinta. Yau ta rage gishiri, gobe ta ƙara tsami, har wata huɗu. Ran nan ta gatsa, ta ji shi sak, har ƙanshin ƙasar fadama sai da ya taso mata. Ba ta san lokacin da ta raba shi biyu ta miƙa hannu gefe ba. Babu kowa a ɗakin sai fanka tana juyawa. Ta daɗe riƙe da rabin nan, ta kasa ci, ta kasa ajiyewa.

A makon nan ta nemi hutu, ta kwana biyu a mota. Ta tarar da tsohon a lambu, ya rankwafa, ido ya yi hazo, sai da ta yi magana ya gane ta. Bai tambaye ta me ya hana ta zuwa ba. Cewa ya yi, "Kin ci abinci kuwa?" Ya lalubo burodin jiya a aljihun rigarsa, ya bushe. Ya zabga gishiri fiye da kima, lemon tsamin ma ya manta da shi. Ya raba biyu, ya shafa da yatsa don ya gane wanne ya fi girma, ya miƙa mata. Ta zauna a kan kunya ta cinye tas, har ta tsince ɓurɓushin da ya zuba a zanenta, tana kau da fuska kada ya ji tana kuka.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.