Mai Daddawa da Tokar Lambunta

Bari in ba ka misalin wata mata mai sana'ar daddawa, wadda ke da ɗan lambu a bayan ɗakinta. Ka san aikin daddawa da cin itace. Kalwa sai ta wuni a kan wuta, sannan a surfe ta da toka a wanke. Ita kuwa tun tana ƙarama ta ji ana cewa toka taki ce, maganin ƙwari ce kuma, sai ta riƙe maganar hannu bibbiyu. Tokar murhu lambu, ruwan wankin kalwa lambu, shekara bakwai ba fashi, a ganinta gata take yi wa ƙasar. Sannu a hankali ganyen alayyafo ya koma rawaya, jijiyoyinsa kaɗai ke da kore. Tumatir ya tsaya iya gwiwa ya ƙi fure. Saman ƙasar ya yi fari fat, in an zuba ruwa sai ya kwanta ya ƙi shiga. Me za ta yi? Sai ta ƙara toka, tunda ita ce maganin da ta sani. Sau biyu tana shuka irin kuɓewar da marigayiya mahaifiyarta ta bar mata, doguwa mai yauƙi wadda babu irinta a garin, yana tsirowa yana mutuwa. Abin da ya rage a cikin gora bai cika tafin hannu ba, in ya ƙare kuwa ya ƙare ke nan. Nan fa tsoro ya kama ta.

Sai ta kira wani tsoho mai noman fadama. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar ya ɗora a harshe, ya tofar. Ya ce, "Baiwar Allah, ai kanwa kike nomawa. Toshe gorar nan, bana ba ki da shuka." Ya sa ta kankare farin saman ta zubar waje, ta raba lambun da toka, ta yi ta binne ruɓaɓɓen kashin shanu da ganyen tsamiya, tana zuba ruwan tsamin gasara, ta kuma fasa wa ruwan sama hanya don ya wanke ya wuce. Damina guda cur tana kallon maƙwabta suna tsinkar kuɓewa, nata wurin ba komai sai ciyawa. Har tsiya ake mata, wai lambun mai daddawa ciki gare shi, shi ya sa yake kwaɗayin tsami. Abin ya yi mata ciwo, amma ta daure. Da ruwan farko na shekara mai zuwa ya sauka, ta kai sara da fartanya, sai ƙarfen ya nutse ba gardama. Ƙasar ta juyo baƙa wuluk, tana ƙamshi, ga tana na motsi a cikinta. Matar ta tsaya riƙe da ƙota. Ita dai ta san shara da ruɓa ta binne. Wanda ya mayar da su rai can inda ido ba ya kaiwa, wannan ba ita ba ce. Ta daɗe tana tasbihi kafin ta iya buɗe gorar. Kafin kaka kuɓewa ta fi ta tsawo, ta kaɗa miyar da ta taso tana ci a ɗakin uwarta, sauran kuma ta bar su suka bushe a jikin kara, ta sami iri har ta ba masu yi mata tsiya.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.