Ledar Kemis

Amai ya sake taso mata, ta durƙusa a banɗaki, jiri na ɗibarta. Ba ta jima da haɗiye ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa ba, a ɓoye.

Daga falo surukarta ta ɗaga murya: "Alhamdu lillahi! Wannan aman na san shi. Auta zai yi ƙani!"

Jiya ma ta ji mijinta yana cewa, "Ki ci gaba da addu'a, Mama, muna hanya." Ga shi ita ta toshe hanyar ba da saninsa ba.

Mijin ya leƙo, ya dube ta, ya fice.

Da ya dawo da ledar kemis, ta tabbata abin gwajin ciki ya sayo. Ta fashe da kuka.

"Baban Auta, ka yafe mini. Ba ciki ba ne. Magani na sha."

Ya tura ƙofa, ya zazzage ledar a kan gado. Irin ƙwayar ce sak.

"Na ga kwalin a kwandon shara. Mai kemis ya ce in aka yi amai da wuri, sai an sake sha."

Ya miƙo mata ruwa.

"Ni na tsaya a ƙofar tiyata ranar haihuwar Auta, ana ta neman jinin da za a ƙara miki. Tsoron Mama ne ya sa na bar ki da wannan ke kaɗai. Sha. Ke za ki yafe mini."